Na haddace cutar shanu, aka tambaye ni dokar filaye

Ana miƙo min takardar jarrabawa na ga an rubuta "Dokar Filaye". Ni kuwa sati guda na yi ina haddar cututtukan shanu!

Digiri biyu na haɗa, shari'a da kimiyyar dabbobi, wai ni mai ƙwaƙwalwa. Ashe ranakun jarrabawar na cakuɗa.

Na sauka daga motar danfo a Agege jiki a sanyaye, na sami Baba inda yake sayar da shanu. Na faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "To Barista, zo ka duba min san nan, ya ƙi cin abinci. Kada haddar ta tafi a banza."

Sau uku na zagaya san. Wallahi nan ma ban gane komai ba.

Jama'a, wanne zan ajiye kafin Baba ya miƙo min igiya da sanda?