Birkin Da Ya Zaunar Da Ba-Zama

Mahaifina Bunyaminu direban Illo ne, amma ba wanda ke kiransa da sunansa sai mahaifiyata Barira, ita ma sai ranta ya ɓaci. Kowa Ba-Zama yake ce masa. A tsaye yake shan fura, kuma liman bai gama shafa fatiha ba ya riga ya sa takalmi. Da tsohuwar akori-kurarsa yake kai busasshen kifi da albasa bakin iyakar Dahome, ya dawo da gishiri. Ko ba lodi sai ya tayar da ita ya zagaya gari, wai kada ta manta hanya.

Mutum ɗaya ne ke iya sa shi ya tsaya wuri guda, shi ne Rufus, makaniken da ya zo daga Kudu ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne: ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya a ƙarƙashin mota ya kwance ƙusar iska. Baba kullum sakin ƙafa yake tun ba a ce ya saki ba, Rufus ya fito yana zage-zage cikin Yarbanci.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, aka zaɓi motarmu ta kai 'yan makaranta Bagudo ganin ɗaga sabuwar tuta. Ina cikinsu. Inna ta ɗinka mini farar riga, na hana kowa taɓa ta.

Ana saura kwanaki Baba ya ga man birki ya yi ƙasa. Ya faɗa ɗaki, ya wawuri gwangwanin man birki a kan taga, ya tuttula, ya wuce. A garinmu kuwa ba a yar da gwangwani. Tuni man birkin ya ƙare, Inna ta zuba man keken ɗinkinta a ciki.

Ranar tafiya mun cika mota tun hantsi, muna waƙa. Baba ya taka birki, ya ji shi kamar ya taka turmi. Ya sake takawa da ƙarfi, bai motsa ba.

Aka kira Rufus. Ya shiga ƙarƙashi da sifana. "Taka. Riƙe." Ya kwance ƙusar, ɗigo biyu suka fito, shi ke nan. Suka bi ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya, duk haka. Da Rufus ya buɗe masta, wato tukunyar da ke tura man, sai ga robobinta sun kumbura kamar ƙosai, sun toshe hanya. Ya shinshina yatsansa.

"Wannan ba iska ba ce, Ba-Zama. Man keke ne. Sai sabbin robobi, kuma sai Sakkwato."

"Mi a cikin tahiyar ga?" in ji Baba. "Da giya ni ka tsai da ita. Na sha yi."

Rufus ya ce, "Da kifi ka yi, ba da yara ba. A gangaren kogin Kwara, wajen shiga jirgin fito, da wace giya?"

Malaminmu yana duban rana, iyaye suna cewa direba ya san aikinsa. Ni kuma na fi kowa ɗaga murya: "Baba, mu tahi!" Ya dube ni, ya dubi hanya, ƙafarsa na rawa a kan mataki. Sai ya zare makulli ya danƙa wa Rufus.

"Ɓoye shi. Ko na yi kuka kak ka ba ni."

Ya san halin kansa. Ba a jima ba ya fara roƙo. Ya bi Rufus rumfa, ya haɗa shi da Allah, ya ce zai tafi a hankali, ya kira shi maci amana. Rufus ya ci gaba da cin gyaɗarsa. Da azahar ta yi, Baba ya dawo ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya. Ban taɓa ganinsa zaune haka ba, kuma na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na cire farar rigata na jefa masa.

Har yau in ana hirar ranar 'yanci ba ni da abin faɗa, don ban ga tuta ba. Amma duk wanda ya hau motar nan ya kwana a ɗakin uwarsa. Da Baba ya rasu, Rufus ya zo gaisuwa da sanda, ya tarar da mu cike da tsakar gida, mu 'yan motar, kowa da furfurarsa.