Hukuncin Baffa Ilu da Ɓerayen Hadiza

Bana shekara tara ke nan da aka ɗauki Yaya Sabo daga gidanmu na Agege zuwa makwancinsa. Har yau in aka ambaci sunansa sai wani ya rage murya ya ce, "Allah Ya yafe masa, da ma ai..." Wannan "da ma ai" ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na gaji da haɗiye ta.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ban zo wanke shi ba. Ya sha giya tun yana saurayi, irin ta leda da ake sayarwa a tasha da sunan maganin basir. Amma ranar sunan 'yarsa Hadiza ya rantse ya daina, ya kuwa daina. Shekara goma yana wuce masu tallar nan safe da yamma bai waiwaya ba, kuma wannan babu mai tunawa.

Sai wata shekara motar kayan da aka ɗoro masa daga Kano ta maƙale a cunkoso, ta iso tumatir ya zama ruwa. Manoman da suka ba shi amana suna ta kiran wayarsa. Ran nan ya dawo gida bakinsa na wari. Baffa Ilu, ƙanin mahaifinmu kuma shugaban rumfarsu, ya tara dattawa suka yi abin da aka saba: aka dakatar da shi daga karɓar kaya, aka sa matarsa ta ɗauki yarinya ta koma gidan iyayenta har sai ya shiga taitayinsa.

Na durƙusa na ce, "Baffa, mutum yana cikin wannan hali a bar shi shi kaɗai a ɗaki?"

Ya ce, "Ke Binta, tashi ki ba ni wuri. In bai ji a jikinsa ba, ba zai daina ba."

Ya kuwa ji. Ba rumfa, ba iyali, sai ɗaki da waya mai ƙara. Abin da ya fara da leda ɗaya ya zama na kullum, kafin shekara biyu hanta ta kwantar da shi.

Yanzu Hadiza tana jami'a, tana karatun haɗa magunguna. Da ta zo hutu ina yankan alayyahu take ba ni labarin gwajin da masana ke yi da ɓeraye. A koya wa ɓera danna wani ƙarfe ya samu giya, sannan a yanke masa har ya haƙura ya daina dannawa. Daga baya sai a tsorata shi, a ɗan ja shi da lantarki a ƙafa. Nan take zai koma danna ƙarfen, alhali ko ɗigo ba ya fita. Sannan ta ce, "Gwaggo, tun ina ƙarama ake ce min Baba ya zaɓi giya a kaina. Da gaske ya zaɓa?"

Da Yaya zai ji wannan, dariya zai fara: "Binta, yanzu har da ɓera kuke haɗa ni?" Na sani ɓera ba mutum ba ne, ba shi da hisabi, kuma haram tana nan a haram. Amma abin da ke ƙona min rai, takurar da aka gano tana mayar da mai sha ga giya, ita dattawanmu suka auna suka ba shi a matsayin magani. Kuma ba a daina ba. Kwanan nan aka yanke wa wani ɗan acaba, da ya koma sha bayan an ƙwace masa babur, irin hukuncin, Baffa Ilu na zaune yana gyaɗa kai.

Na ajiye wuƙa na shiga ɗaki, na ɗauko tsofaffin takalman makarantarta da aka manta ranar da aka tafi da ita. A bakin ƙofarsa ya jera su, kullum yana goge su, har ranar da muka kai shi asibiti. Na ɗora mata a cinya na ce, "Ubanki ya zaɓe ki kowace safiya ta shekara goma. Ranar da ya faɗi, ke aka fara ɗauke masa."