Evaristo Mai Teburan Ƙwallo

Evaristo Loureiro kafinta ne a wani ƙauye cikin tsaunukan Galisiya. Ƙera ƙofofi da kujeru ya gada wurin ubansa. Yana ɗan shekara ashirin da biyar ya shiga wata mashaya a birnin Lugo, ya tarar da ƙarti huɗu sun dafe wani tebur suna murza sanduna, 'yan mutum-mutumin ƙarfe na dukan ƙwallo, ana ihu kamar a fili. Ya yi tsaye har motar ƙauyensu ta tafi ta bar shi.

Da ya koma gida ya ƙera nasa. Na farko ya karkace, ƙwallo kullum gefe guda take gangarawa. Sai a na uku hannunsa ya faɗa. Matarsa Herminia ce ke yi wa 'yan wasan fenti, ɗaya bayan ɗaya, har da gira da gashin baki.

"Wannan mai tsaron ragar ai kai ne," in ji ta. "Dubi tumbi."

"To rage masa hanci mana, kada a gane ni a gari."

Shekara ashirin babu ƙauyen da ba teburinsa a yankin. Ranar Lahadi in an taso daga coci, maza su jefa tsabar kuɗi peseta guda cikin teburin, ƙwallaye su zubo, a yi ta gumurzu har mata su zo kiran cin abinci. Evaristo kan zauna gefe da kofinsa, ba ya ko bugawa. Jin ƙarar kawai ya ishe shi.

Sai mutane suka fara tafiya neman aiki, wasu Jamus, wasu Suwizalan. Wasan mutum huɗu ya koma na biyu, daga baya ma biyun sai an nemo. Aka kawo na'urorin wasa masu lantarki, waɗanda mutum ɗaya ke tsayawa gabansu shi kaɗai. Masu mashaya suka riƙa aiko masa cewa ya zo ya kwashe kayansa, sun tare wuri.

Ana cikin haka Herminia ta kwanta ciwo, wata huɗu ta rasu. Ya gwada fentin da kansa, amma fuskokin suka fito a dame. Ya rufe gwangwanayen, bai ƙara buɗewa ba.

Yana da saba'in da takwas 'yarsa Sabela ta zo daga birnin Vigo ta ce ba zai ƙara zama shi kaɗai ba. Bai yi musu ba. Abu ɗaya ya roƙa, su biya ta wurin abokinsa Secundino, wanda mashayarsa ke da tebur mafi kyau da ya taɓa yi.

Suka tarar da mashayar a rufe. Secundino na zaune bakin ƙofa da sanda.

"Mutumina, ina teburin?"

"Kai dai bari, Evaristo. Shigo ka sha wani abu."

"Na ce ina yake?"

Teburin na can bayan mashayar. Ruwan sama ya kumbura katakon, an zare sandunan an kafa wa wake, kaji na ƙwai a ciki.

"'Yan wasan fa? Aikin Herminia ne."

Secundino ya sunkuyar da kai. "Mai gwangwan ya kwashe bara. Da na san kana so..."

"Baba, mu tafi," in ji Sabela, ta kama hannunsa.

Suka isa Vigo. Ta ba shi ɗaki a hawa na biyar, tagarsa na kallon bangon wani gini. Safe da yamma yana kan kujera, hannuwa bisa gwiwa, abinci sai an matsa masa. Sabela ta sayo masa 'yan kayan sassaƙa ko zai ɗebe kewa, suka yi tsatsa cikin kwalinsu. Shekara uku ya yi a haka. Da ya rasu aka mai da shi ƙauye, mutum tara ne suka raka shi makabarta.