Jinkar da Mata Suka Ɗaga

A gidanmu na Maikujera, can ƙurya kusa da rumbu, akwai wani ɗan ɗaki da baƙo kan zaci akurkin kaji ne, sai ya ga hayaƙi na fita ta jinka. Nan kakata Inna Kulu, mahaifiyar babanmu, ta yi zamanta har Allah ya karɓi abinsa. Lokacin Nasara ba su tafi ba, ni kuma ban isa ɗaukar tulu ba.

Gadon ƙasa ya cinye rabin ɗakin, da rami ƙarƙashinsa inda take zuba garwashi. Tukwanenta na jere bisa juna, ludayi da faifai a soke cikin jinka. Daga inda take zaune babu abin da hannunta ba ya kaiwa. Da mun ci tuwo bayan magariba sai mu ruga, don wanda ya makara a bakin ƙofa zai tsuguna, gabansa ɗumi bayansa ɗari.

Takan fara tatsuniya da cewa, "Ga ta nan tahe, wa ka taryenta?" Mu ce, "Mu ka taryenta, Inna." Tana da ta kura, tana da ta dila, mu yi ta dariya har a tsawata mana daga tsakar gida. Amma akwai guda wadda ba ta bayarwa sai hadarin farko ya haɗu. Takan kira matar ciki Delu, ko da yake manyan gidan duk sun san labarinta ne. Babanmu in ya ji ta soma sai ya ɗauki buta ya fita.

Mijin Delu magini ne. Ya gina mata ɗaki babba wanda mata ke zuwa kallo, ita kuma tana kawo masa ruwa in yana kwaɓa ƙasa, tana ganin yadda yake ɗora tubali. Suna da ɗa namiji da jaririya. Sai Nasara suka tashi yaƙinsu, aka bi ƙauyuka ana kwasar majiya ƙarfi su yi musu dako. Da aka tasa su gaba hanyar Wurno, mijin Delu ya waiwayo ya ce mata, "Kahin ruwa shi sauka ina gida."

Ruwa ya sauka bai zo ba. Iskar farko ta kwashe jinkar babban ɗakin. A ƙasa ake ɗaure jinka, in an gama maza su taru su ɗaga ta bisa bango, ga shi garin ba kowa sai tsofaffi da mata. Matan suka ɗaura wata daidai girman ta da, suka kewaye ta suka kama.

"Munka ɗaga hak gwiwa," in ji Inna, "munka kai ƙirji." Sai ta tura kara cikin wuta. "Sunka kai ƙirji, za ni cewa. Nan tah hi ƙarhinsu, tah hwaɗi tak karye."

Delu ta jingina zana a bango ta riƙa kwana ƙarƙashi da 'ya'yanta. Ruwa ya yi ta dukansu. Tari ya kama jaririyar, ta yi ta fama, wata safiya aka wayi gari babu ita.

Da aka gama zaman makoki, Delu ta kwanta a ƙasa ta miƙe, ta sa ɗanta ya ja layi da tsinke a kanta da ƙafarta. Ta ƙara taki ɗaya, ta zagaye da layi. Ta ciro tubali daga bangon da mijinta ya gina, ta ɗora har kafaɗarta, don nan hannunta ya tsaya. Jinkar kuwa da karan dawa ta ɗaure ta maimakon itace. Ita da maƙwabtanta biyu suka ɗaga ta kamar faifai.

Sauran matan suka gani suka kwaikwaya. Wata ta matse ƙofa don kura, wata ta yi gado mai ramin wuta don tsohuwar uwarta, kowa ta ɗauki dabarar 'yar'uwarta ta ƙara tata. Kafin a yanke gero, garin ya cika da ƙananan ɗakuna kamar an kife tukwane. Bayan kaka maza suka fara dawowa ɗai-ɗai, a rame, ƙafa duk gyambo.

A nan Inna take tsayawa kullum. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Inna, mijin Delu hwa?"

Ta dube ni. "Hanya tac ci shi, ɗiyata. Ba a gwada ma kowa kabarinai ba. Ku tashi, wuta ta mutu."

Shekarar da albasa ta yi kyau, babanmu ya kai tasa Goronyo, ya dawo ya durƙusa gabanta ya ce zai gina mata ɗaki irin na da. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, bar shi. Babban ɗaki maza shi ka so, maza kuwa ɗibassu aka yi. Wanga in ya hwaɗi, ni ka tashe shi." Bai sake yi mata zancen ba. Bayan rasuwarta ya hana a taɓa ɗakin, damina biyu ta narkar da shi.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar wayo ce, yadda mace ta yi wa iska dabara. Sai da na binne nawa mijin, 'ya'yana suka watsu birane, na ga kaina na kulle ɗakuna na tattare a ɗaya, sannan na gane Inna ba da taki ta auna ɗakinta ba, da hannuwan da suka rage mata ne. Yanzu in na wuce wani ƙauye na hangi ɗan ɗaki shi kaɗai a ƙuryar gida, ba na cewa talauci ne. Nakan yi sallama a zuciyata, in tambayi kaina wane ne bai dawo ba.