Hitar Saje Bitrus

Ku da kuke koyon aikin nan, har gobe ban manta da ranar da Saje Bitrus ya shigo garejinmu yana neman zafi ba. Wajen 2005 ne, cikin Agusta, ruwa ya yi sati yana zuba a Zuru. Tsohon soja ne mai ritaya, maganarsa kamar yana kan fareti. Ya faka motarsa 'yar Kwatano, ya ce, "Ummaru, hitar motar nan iskar sanyi kawai take hurawa. Ina son zafi kafin Asabar."

Na yi shekaru ina kanikanci, amma wallahi ba wanda ya taɓa kawo mini wannan ƙara. Kowa kukansa mota ta yi zafi. Garba mai gyaran wayar wutar mota, wanda muke raba rumfa da shi, ya kwashe da dariya. "Baba Saje, kai da ka kwana a daji da bindiga, yau sanyin Zuru ya kore ka?"

Saje ya harare shi, ya ja ni gefe ya rage murya. Ashe don matarsa ne, Mama Saratu, mai fama da sanyin ƙashi a gwiwa. Mahaifiyarta tana Dirin Daji, ta tsufa ƙwarai, ba ta da lafiya, ta aiko tana son ganinta. Zuwan da suka yi na ƙarshe cikin ruwa, sanyin hanya ya sandarar mata da ƙafafu, sai ɗaukarta aka yi zuwa ɗakin tsohuwar, ko durƙusawa ta gaishe ta ba ta iya ba. Ta yi ta kuka a hanyar dawowa. Da na ji haka, dariyar ta fita daga raina.

Na fara da mai sauƙi. Ruwan lagireto a cike yake. Na murɗa makunnin hita, fanka tana hurawa sosai, ke nan ba matsalar wuta ba ce. Na ce wa Garba ya koma ya zauna, yau ba rabonsa. Na tayar da injin na bar shi yana aiki, allurar zafi ko motsi. Nan na gane an cire tamosta, wato ɗan murfin da ke tsare ruwa a cikin injin har ya ɗauki zafi. Kun san halinmu a ƙasar nan: mota tana saukowa daga Kwatano, bakanike na farko da ya buɗe ta zai fizge shi ya ce kayan Turawa ne, mu zafinmu ya ishe mu.

Ba a nan ta tsaya ba. Hita wani ƙaramin lagireto ne a bayan dashbod. Tiyo biyu ke zuwa wurinsa, ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya dawo da shi. Na leƙa, sai na ga wani gwani ya zare su duka biyun, ya haɗe bakinsu da guntun bututu. Ruwa yana ta zagayensa, hita tana zaune a bushe. Na sa baki na hura bututun hitar, a toshe. Na zura waya, sai ga jar ƙasa tana zubowa. Zanzaro ne ya gina gidansa a ciki, har da 'ya'ya!

Garba ya ce, "Baba Saje, ashe kana da 'yan haya ba ka sani ba."

Saje ya ce, "A kore su. Ba su taɓa gaishe ni ba."

Na wanke hitar da ruwa gaba da baya har ya fito fes, na mayar da tiyo wurinsu. Saura tamosta. Na zaga shagunan kayan mota, masu shagon suna kallona kamar na zo sayen ƙanƙara. Ɗaya ya ce, "Oga, abin da ake zubarwa kake nema?" Maganarsa ce ta tuna mini da tsohon gwangwanin da ke ƙarƙashin bencinmu, inda duk wanda ya cire yake jefawa. Na zazzage shi, na zaɓi masu girman da ya dace, na kai wurin mai shayi na roƙi ruwan zafi. Tamosta mai kyau yana buɗe baki idan ya ji tafasasshen ruwa. Mai shayi ya tsaya yana tambaya ko da madara zan sha. Da na tsoma su, guda ɗaya ya buɗe, shi na ɗaura.

Na cika ruwa, na fitar da iskar da ta maƙale a tiyo, allura ta hau tsakiya ta tsaya. Saje ya kara tafin hannunsa a bakin iskar, ya daɗe bai janye ba. Sai ya sara mini.

Ranar Litinin sai ga su. Saje ya fito, rigarsa sharkaf da gumi, wuyansa duk ƙuraje. Garba ya ce, "Baba, daga gidan burodi kake?" Ya ce, "Rufe mini baki. Gilashi a rufe, zuwa da dawowa. Umarnin Madam ne."

Mama Saratu ta sauke gilashi kaɗan, ta kira ni. "Ɗana, da ƙafata na shiga ɗakin. Na durƙusa har ƙasa na gaida Inna, ta dafa kaina." Ta share ido da bakin zane, ta yi maza ta ɗaga gilashin kada ɗuminta ya fita.

Tun ranar, in mota ta zo hannuna ba na cire mata komai sai na tambayi mai ita wa yake ɗauka a ciki. Ku ma ku riƙa tambaya.