Mutumin da Ya Ƙi Sa Matattu Su Yi Gaisuwa

Daraktan yaɗa labarai ya yi ƙarya da bakin matattu, kuma ya yi ta da saninsa. Ba don shi aka ɗauki alƙalami ba. Don Baba Kaset ne, mai haɗa sauti a gidan rediyon gwamnati, wanda ya yi ritaya makon jiya bayan shekara talatin da ɗaya.

Kullum shi ke riga kowa zuwa. Ya jingine kekensa, ya goge kan inji da auduga, ya jera kaset. Da aka kai sojojinmu yaƙi ƙasar waje, shi aka ba shirin gaisuwar sojoji: soja ya gaida uwarsa, ya gaida matarsa, ya ce muna nan lafiya. Shi ke rubuta sunan kowa a bayan kaset.

Jirgin da ke kawo kaset shi ke kawo jakunkunan waɗanda suka mutu. Ran nan Baba ya je karɓar kaset, sai ya ga suna a jikin jaka, sunan da ya rubuta da hannunsa a bayan kaset. Ya bi sauran, ya samu goma sha ɗaya.

Ya je wa Darakta.

"Ranka ya daɗe, waɗannan sun rasu."

"Wa ya sanar? Gwamnati ba ta ce sun mutu ba. Saka."

"Ni ba na sa mamaci ya yi gaisuwa."

"Kai liman ne ko mai danna inji?"

Aka mayar da shi sito, aka ba wani injin. Matattu suka ci gaba da cewa suna lafiya.

Baba bai iya zama ba. Ya hau keke ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, don iyaye su yi addu'a, mata su shiga takaba. Gida biyu suka yarda. Sauran suka kore shi. Wata tsohuwa ta ɗauko rediyonta ta ɗaga masa.

"Jiya na ji ɗana, Malam. Har tarinsa na ji. Kai wa ya aiko ka? Allah ya isa!"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, Allah ya sa ni ne maƙaryacin."

Sai bayan wata bakwai aka fitar da sunaye. Tsohuwar ba ta kai ba. Ta rasu tana jiran gaisuwar mako mai zuwa.

Baba, kai ne ka ɗauki zagi ka ajiye ƙarya. Kai ne aka rufe a sito shekara tara kana kaɗe ƙurar kaset, babu wanda ya ce maka sannu. Mun gode. Masu aiki bayansa, ga hanya nan, in akwai mai bi. Ba na zaton akwai.

Shi kuwa Darakta, da asiri ya tonu, an hukunta shi. An ba shi takardar gargaɗi mai layi uku, aka canza masa ofis.