Kwafin Dokokin da Yaya Ya Kai Bukkuyum

Har yau in na ga dayis na ludo sai raina ya ɓaci, kuma wana ne ya jawo. Ni na kawo wasan nan gidanmu a Anka, daga wajen 'yan ɗakinmu lokacin ina karatu a Sakkwato. Ba ludo ba ne, dayis ɗin kawai muka ara. Mutum ɗaya ke jan labari yana riƙe da dokoki, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, a jefa dayis, lambar da ta fito ta nuna ya dace ko ya faɗi. Ni ne mai jan wasan, kuma wallahi ban taɓa samun matsayin da na so kamarsa ba. A gidan malamai na tashi, ni ne ƙarami, kullum ni ake gyara wa karatu. A wasan nan kaɗai nake magana a yi shiru.

Littafin dokokin da Turanci yake, a cikin wayata. Sati uku na yi ina mayar da shi Hausa a littafin rubutu mai jan bango. Abin da ya yi tsawo na gajarta, abin da na ga zai ci mana lokaci na tsallake, ban gaya wa kowa ba, don ban ga abin faɗi ba. Kowace Laraba kuma sai na zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, na shirya wanda za su haɗu da shi a hanya, da abin da zai ce, har da muryarsa.

Ranar Alhamis makarantar allo ba karatu, zauren Yaya babu kowa, sai mu shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Mu huɗu ne: ni, da tela maƙwabcinmu, da wani malamin firamare ɗan Gummi, da Yaya kansa. Shi da farko leƙowa ya yi wai ya tabbatar ba caca muke yi masa a zaure ba. Ya tabbatar, amma bai tashi ba. Ya ɗauki wani falke mai takobi, ya rene shi wata biyu, har in muna cin tuwo sai ka ji yana zancensa.

Rannan labari ya kawo su bakin gulbi da damina, a ƙetare akwai tsohon birni mai rufaffiyar ƙofa. Sau uku na faɗa musu ruwa ya kawo. Na sa mai kwalekwale ya ce su jira safiya. Yaya ya ce falkensa ba ya jiran kowa, zai yi iyo. Ya jefa dayis, ɗaya ta fito. Na duba littafina na ce, "Yaya, falkenka ya nutse."

Ya dube ni ya ce, "Ina nassi?"

Na buɗe shafin na miƙa masa. Ya karanta a hankali yana bin layi da yatsa, sannan ya ce, "Wanga hannunka na. Kai kar rubuta, kai kay yi hukunci, kai as shaida. Ina uwar littafin?"

Ni kuma da girman kai na ce ga ta nan cikin waya, in zai iya karantawa bismilla. Na tura masa nan take. Wautar da na yi ke nan.

Na manta a wane gida aka haife mu. A gidanmu in mutum ya kwafi littafi da hannu, ba a karantar da shi sai an zauna mutum biyu, ɗaya riƙe da asali ɗaya da kwafi, an bi shi kalma kalma. Yaya ya ari jan littafina wai zai yi nazari, ya hau mota ya tafi Bukkuyum wajen surukinsa mai koyar da Turanci. Mutumin da ko bikin suna ba ya zuwa Bukkuyum saboda tsoron hanya, sai ga shi ya tafi saboda falken da babu shi! Kwana biyu suka yi suna bin dokokin wasa layi layi.

Alhamis ta zagayo. Na shigo da sabuwar taswira a naɗe, na tarar da shi zaune a mazaunina, ya jingina da bango. Ya buɗe littafina, duk gefen shafukan ya cika su da jan biro, da ajami. Ya ce a asali, in jarumi ya faɗa ruwa ana ba shi jifa ta biyu ko ya kama wani abu, ni kuwa na cire wannan. Gaskiya ne na cire. Doka ce mai rassa, sai an duba nauyin kaya da ƙarfin ruwa, kafin a gama an kira magariba.

Na ce, "Haba Yaya, ai littafin da kansa ya ce mai jan wasa yana da ikon sauya doka."

Ya ce, "Awo, mun gani. Ya sauya a fili gaban jama'a. Kai ka shaida muna?"

Ban shaida musu ba. Na juya wajen tela, mutumin da na ceci jaruminsa sau biyu a ɓoye don kar ya ji kunya, sai ya sunkuyar da kai yana cire zare a rigarsa. Ɗan Gummi ya ce shi baƙo ne, ba ya shiga tsakanin wa da ƙane. Munafukai! Yaya ya yanke cewa mai kwafin da ya rage nassi ba a bin hukuncinsa, falke bai mutu ba, kuma daga yau shi zai ja wasan, ni in ci gaba da shirya taswira. Wai in yi wahalar Laraba, shi ya ci daɗin Alhamis. Na ajiye taswirar a tabarma na fita.

Sati biyu suka yi ba ni. Suka ƙetare gulbin, suka isa ƙofar birnin, a nan rubutuna ya ƙare. Abin da ke bayan ƙofar ban rubuta shi ko'ina ba, a kaina yake. Yaya ya san dokoki fiye da ni yanzu, amma ko kare ɗaya ba zai iya ƙagowa ya sa a kan hanya ba. Girma ya hana shi tambayata, sai ya bi ta wajen Inna. Ta same ni ina alwala ta ce, "Kai dai ka ba wanka labarin nan ku zauna lafiya, mi a ciki?"

Na ce, "Inna, sai ya koma Bukkuyum su duba masa labarin."

Ban ba shi ba. Suka zauna Alhamis ɗaya suna gardamar yadda ake fasa ƙofa, ta gaba tela ya ce yana da ɗinki, shi ke nan wasa ya mutu. Ni na kashe shi, kuma ban ce na yi nadama ba. Shekara uku ke nan. Abin da na tanada a bayan ƙofar nan shi ne mafi kyawun abin da na taɓa ƙagowa, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake tambayata mene ne.